'Yar Gana a Garin Ubanta

Shekarata talatin da huɗu lokacin da na fara taka ƙasar Najeriya, kuma ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba. A zangon Kumasi, unguwar Hausawa a ƙasar Gana, aka haife ni, can na yi karatu, can na yi aure, can mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya. Babanmu kuwa mutumin Kano ne. Yana saurayi ya bi fataken goro ya bar gida, bai ƙara waiwaya ba har furfura ta rufe shi. Duk tasowarmu, in ya ce "gida", mun san ba ɗakunanmu na zango yake nufi ba. Wani ƙauye yake nufi mai suna Tarauni, inda ya ce akwai tsamiya a ƙofar gidansu, da gonakin dawa iya ganin ido.

Da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Wata uku yana kwance, ba abin da yake maimaitawa sai a kai shi gida. Ƙannena maza uku kowa ya kawo uzurinsa. Ɗaya ya ce tsufa ne ke magana, wani ya ce tsohon ba zai kai Lome da rai ba. Na saurare su har suka gama, na kai 'yata wajen mahaifiyata, na ɗaure kayanmu, na ɗauko Baba.

Kwana huɗu muka yi a hanya, muka tsallake iyaka uku. Mun shigo Kano cikin zafin bazara, a shekarar da sojoji suka yi alkawarin miƙa mulki. An riga an yi zaɓe, amma hotunan 'yan takara na nan manne a kowane bango, wasu rana ta cinye musu fuska.

Na ce wa mai tasi ya kai mu ƙauyen Tarauni. Ya kalle ni ta madubi ya yi dariya.

"Hajiya, wane ƙauye? Ai cikin Taraunin muke tun ɗazu."

Baba ya manna goshinsa a gilashi yana kallo. Shaguna, gidajen bulo, masu facin taya, babura kamar fari. Ba dawa ko kara ɗaya. Hannunsa mai lafiya ya riƙe gefen rigarsa yana murzawa.

A bakin wani masallaci muka sami dattawa, na faɗi sunan kakanmu, suka nuna mana wani gidan bene mai ƙofar ƙarfe. Mai gidan ɗan ƙanin Baba ne, ɗan kasuwa, ya girme ni da kamar shekara goma. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar farfajiya, aka kawo ruwan sanyi, ya zauna a kujera ya saurari bayanina yana kaɗa makullin mota.

"To, Allah ya sani," in ji shi. "Mahaifina ya rasu. Ya taɓa cewa yana da wa da ya tafi Gwanja, amma an yi wa wannan sadakar mutuwa tun kafin a yaye ni. Kuma kin ga yanzu ƙasar Tarauni ta yi daraja. Ba ku ne na farko da suka zo mana da labari ba."

Na ce, "Yaya, ba labari muka kawo ba, mutum muka kawo. Ga shi nan a gabanka."

"Ki ce Alhaji."

"Ubanka ƙanin ubana ne. Yaya zan ce."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ku yi haƙuri, zan bincika." Ya zaro kuɗi ya ajiye a kan tabarma, wai na mota.

Na durƙusa na saƙala hannun Baba a wuyana, na ɗaga shi. Kuɗin na nan inda aka ajiye su muka fita. A bakin ƙofa na rantse a raina cewa ba zan koma Kumasi in ce wa ƙannena sun yi gaskiya ba, ko da kuwa a tasha za mu riƙa kwana.

Ba mu kwana a tasha ba. Wani mai goro da ya saba sauka gidanmu a Kumasi in ya je sari, shi ya samo mana ɗaki ciki da falo a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da babban asibiti. Mai gidan wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, kowa Hajiya yake ce mata. A ɗakin da ke kallon namu akwai wata malamar firamare, Kirista daga kudancin Kaduna, da mijinta ma'aikacin gwamnati. Ranar da muka shigo, Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi ɗan mayafina na zango da bai wuce kafaɗa ba, ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya. Baƙo dai raɓa ne."

Na ce, "Hajiya, wannan raɓar sai ta ga azahar."

Makonnin farko komai faɗa yake da ni. Ni da na tashi inda ruwan sama ba ya yin nisa, sai ga ni a garin da bango ke huci da daddare kamar tanda. Leɓena ya tsage, tafin ƙafata ya yi kaushi. Famfon gidan ado ne, ruwa sai an tare 'yan garuwa, kuma in ba ka san lokacinsu ba ka wuni da taimama. Na koyi wanke Baba da bokiti guda, in tara ruwan wankin in yayyafa a ƙasan ɗaki don ya sami sanyi. Na koyi cewa nan tuwo abincin dare ne, kuma ko ka zagaye unguwar ba za ka sami ayabar dahuwa ba sai ka je Sabon Gari.

Amma duk wannan wasa ne a kan harshe. Ni a sanina Bahaushiya ce, da Hausa aka yi mini raɗa a kunne. Sai da na zo Kano na gano wai Hausar tawa abin dariya ce. Mu a zango ba mu raba mace da namiji a magana, kowa "ya zo" ne. Ranar da na ce wa wani baƙo "Hajiya ya fita", yaran gidan har birgima suka yi. Kuma harshenmu ba ya kama baƙaƙen nan masu lanƙwasa. Ƙ da k duk ɗaya ne a bakina.

Wata safiya na je wajen mahauci in sayi abin da zan yi wa Baba romo. Mutane sun taru a teburinsa. Na ce ya ba ni nama mai ƙashi, amma yadda bakina ya fitar da kalmar, abin da ake yi a bayan gida na ambata. Mahaucin ya ajiye wuƙa.

"Jama'a ku ji! Baiwar Allah, maimaita. Nama mai me?"

Aka fashe da dariya. Wani har yana dafa kafaɗar na kusa da shi. Na bari suka lafa, sannan na ce, "Malam, ka gane abin da nake so ko ba ka gane ba?"

"Na gane mana."

"To ashe Hausar ta yi aikinta. Ni ina jin Tuwi, yaren mutanen Kumasi, ina jin Turanci, ina jin wannan da kuke dariya. Kai nawa kake ji? Yanko min, maras lafiya na bari a gida."

Wani dattijo a gefe ya ce, "Ta gama da kai. Yanka mata." Ya yanka, har da gyara. Na ɗauki ledata na taho ina taku ɗai-ɗai, sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa sannan na yi kukana.

Malama ce ta ji ni. Ta ƙwanƙwasa, ta shigo da kofin kunun zaƙi, ta zauna a bakin katifa ba tare da ta tambayi abin da ya faru ba, don labarin ya riga ni isowa gida.

"'Yar'uwa, ni ma da na zo garin nan haka suka yi mini," in ji ta. "Shekara biyu ina magana suna kwaikwayo. Yanzu ni ke koya wa 'ya'yansu rubutun Hausar. Kawo hannunki."

Ta ɗora yatsuna a maƙogwaronta ta ce ƙa, ƙa, ƙa, in ji yadda wurin ke tsalle. Daga ranar, kullum bayan la'asar in ta dawo daga makaranta, muna tsinar shinkafa tana ba ni karatu. Ƙofa, ƙarfe, ɗaki, ɓera. Baba yana kwance yana jinmu, wani lokaci ya yi dariyar ɓari ɗaya, ganin 'yar kudancin Kaduna na koya wa jikar Tarauni Hausa. Hausar da nake rubutu da ita yau a wannan tsakar gidan na same ta. Na koya ne don kada a ƙara tsayar da ni a kan kalma alhali ina da abin faɗa. Amma in raina ya ɓaci, ta zango ce ke fitowa, kuma ban taɓa neman gafarar kowa a kan haka ba.

Sau uku a mako nake kai Baba asibiti a yi masa gashin ƙashi. Ba ya iya zaman babur, masu tasi kuma ba sa son shiga lungunmu. Sai na samo tsohuwar kujerar guragu, mai walda ya gyara mata ƙafa, na riƙa tura shi da kaina a gefen titi, in tsallake kwata, in kauce wa 'yan acaɓa. Masu shaguna sukan bi mu da ido. Wata rana wani mai kayan masarufi a bakin layinmu ya kasa haƙuri.

"Wai baiwar Allah, babu namiji a gidan ne?"

Na ce, "Ga shi kana magana da shi."

Guzurin da na zo da shi ya fara ja da baya, ni kuma ban iya zaman jira ba. Abin da na iya shi ne girkin da uwata ta rayar da mu da shi: wake da shinkafa irin namu, wanda ake dafawa da karan dafi da 'yar kanwa har ya yi ja, a ci da baƙin yaji na busasshen kifi da aka soya a mai ya daɗe a wuta, da taliya da dafaffen ƙwai da ɗan garin rogo. Na sayi tukunya babba da teburi da benci, na gaya wa Hajiya zan fara sayarwa a ƙofar gida.

"A ƙofar gida? Ke da kanki?" Ta riƙe haɓa. "Nan ba haka ake yi ba. Mace mai mutunci daga ciki take dafawa, ta ɗora wa yarinya talla. Zan samo miki yarinya."

"Hajiya, tawa 'yar tana makaranta a Kumasi. Ba zan cire 'yar wani daga aji ta ɗauki tukunyata ba. Kuma daga ƙofa ina jin Baba in ya kira."

"Za a yi da ke a unguwa."

"An riga an fara. Gara su yi da ni cikina a ƙoshe."

Kwana uku na farko rabin tukunya nake komawa da ita. Mutanen Kano sun san garau-garau, fara tas da mai da yaji. Wannan jar sai su leƙa su wuce. Waɗanda suka fara zama a bencina mutanen kudu ne da suka taɓa cin irinta a Legas, sai mijin Malama da abokan aikinsa, sai ma'aikatan asibiti da suka san ni da tura kujera. Daga baya 'yan acaɓa suka ɗanɗana, su kuwa in sun yarda da abu gari ya ji. Kafin wata guda, ƙarfe goma ba ta yi sai na kankare tukunya.

Sai magana ta tashi, wai jan nan ba banza ba, 'yar Gana asiri take zubawa don ta janye masu saye. Mai kayan masarufin nan ne ya fi yaɗa ta, don ƙanwarsa na sayar da garau-garau a layin baya. Da na ji, ban je wajen kowa ba. Washegari da sassafe na fito da murhuna waje, na hura wuta a gaban kowa, na wanke wake na zuba, na ɗaga damin karan dafi sama na ce, "Jama'a, ga asirin. Wanda bai san shi ba ya matso."

Hajiya ta leƙo daga zaure, ta karɓi kara ɗaya ta shinshina. "Kai, mutane ba su da ta ido. Ai wannan shi ake jiƙa wa mai jego ya ƙara mata jini. A gonar ubana ya fi ciyawa yawa." Ta juya ta dubi mai shagon. "Kai kuma da shi aka rina jan takalmin da ke ƙafarka." Ranar ta aiko da kwanonta a zuba mata, kuma ba ta ƙara yi mini zancen talla ba.

Ranar da aka rantsar da farar hula, tun safe bencina ya cika. Wani ya ɗora rediyo a teburina, ana ci ana musu. Masu cewa an huta, masu cewa ai wanda aka rantsar ɗin ma tsohon soja ne. Na sa baki na ce su dai sa ido, cire kaki ba shi ne cire hali ba. Wani matashi mai jarida a hammata ya ɗago.

"Ke kuma ina ruwanki? Ƙasarki ce?"

Na ajiye ludayi. "Mu a can namu sojan cire kakin ya yi, ya sa riga, ya ci gaba da zama a kujerar. Na riga ka ganin wannan wasan. Kuma layin man da kake bi, ni ma shi ke hana ni kananzir. Wutar da ake ɗauke maka, a ɗakina ma duhu take bari. Wanda ke shan zafin rana ai yana da bakin cewa ta yi zafi. Ƙari za a yi maka ko ka ƙoshi?"

Aka yi masa dariya, ya miƙo kwano.

Damina ta sauka, na ga ikon Allah: garin da na ɗauka ba ya tsirar da komai ya yi kore a mako biyu, lungunmu kuma ya zama rafi. Cikin wannan daminar, wata ranar Laraba da hantsi, wata tsohuwa ta tsaya a gaban teburina da lema a hannu, zanenta ya jiƙe har gwiwa. Ba ta ce a zuba mata ba. Ta daɗe tana kallon fuskata.

"Ke ce mai jar shinkafa, wadda ubanta ke cewa shi ɗan Tarauni ne?"

"Ni ce, Inna."

"Daga Hotoro nake. Jikana ne ke cin abincinki, shi ya kawo mini zancen. Kai ni in gan shi."

Na bar tukunya a hannun Hajiya na shiga da ita. Baba na zaune a jingine da bango. Tsohuwar ta ƙi zama. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ni ina da wa da ya tafi ina 'yar shekara bakwai. Ba zan gane fuskarsa ba, shi ma ba zai gane tawa ba. Amma da asubar da zai tafi, na biyo shi har bakin rijiya ina kuka, ya yi mini alkawarin tsaraba. Ba wanda ya ji sai ni da shi. In kai ne, me ka ce za ka kawo mini?"

Baba ya dube ta. Bakinsa ya yi ta motsi, kalmar ta ƙi fita. Na matsa zan taimaka, ta ɗaga mini hannu. Jijiyar wuyansa ta miƙe, yawu ya zubo a gefen bakinsa.

"A... awar... waro," in ji shi. "Ja."

Lemar ta faɗi. Tsohuwar ta zube a gabansa ta kama hannunsa da ya shanye ta ɗora a kanta. "Yaya, shekara hamsin da biyar! Ina awarwarona?" Tana kuka tana dukan gwiwarsa, shi ma yana kuka. Ni na tsaya a bakin ƙofa ban san inda zan sa kaina ba. Washegari na shiga kasuwa na sayo jan awarwaro, Baba ya zura mata a hannu da hagunsa, ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya tsufa, sai da muka sa sabulu.

Gwaggo ba ta yi wata-wata ba. Daga ɗakinmu gidan benen ta wuce, kuma an ce har maƙwabta sun ji abin da ta gaya wa ɗan ɗan'uwanta. Bayan kwana biyu sai ga direbansa da saƙo: Alhaji ya ce mu tattara kaya, an gyara mana ɗaki a bayan gida.

Na ce, "Ka gaya wa Yaya mun gode. Amma ba a aiko wa uba direba. Ya san hanyar Gyaɗi-Gyaɗi."

Baba bai ji daɗin wannan ba. Ya yi kwana biyu yana juya mini baya in na kawo abinci. Na san ransa na can, na kuma san ina tsaye tsakaninsa da abin da ya ƙetare ƙasa uku dominsa. Na yi ta tambayar kaina ko don shi nake wannan taurin kai ko don kaina. Har yau ban gama raba su ba. Na dai ce masa, "Baba, ta ƙofar gaba ka fita daga gidan nan. Ba zan shigar da kai ta baya ba."

Ranar Asabar Yaya ya zo da kansa. Motarsa ta kasa shiga lungu saboda taɓo, dole ya tattare babbar riga ya tako. Ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata, ya kira shi Baba, ya nemi gafara, ya ce sharrin zamani ne. Na fara saukowa. Sai ya zaro takarda daga aljihu, ya ce ba komai ba ce, don dai gudun rigimar yara nan gaba, Baba ya dangwala yatsa cewa ba ya neman komai a filin gidan.

Na buɗe baki, Baba ya buga tabarma da hannu, na yi shiru. Ya jawo takardar, ya dube ta a juye, don bai iya boko ba, ya tura ta gefe. Ya daɗe yana tattara kalmomi, muka jira.

"Ban zo... in ɗauki ƙasa ba," in ji shi. "Na zo... ƙasa ta ɗauke ni."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni na ƙarasa sauran. Na ce ba za a dangwala komai ba, maganar dattijo ta fi yatsansa, in bai yarda da ita ba ya bar ta. Na ce ba za mu tare a gidansa ba, ina da sana'ata a nan, asibiti na kusa, kuma mutanen gidan nan sun riƙe mu lokacin da ba mu da kowa. Abin da Baba ke so ƙofar gidan ubansa ne. Yaya ya ninke takardar ya mayar aljihu, kuma ban ƙara ganinta ba.

Daga nan kowace Juma'a shi da kansa yake zuwa ya ɗauki Baba, su yi salla a masallacin unguwarsu, a shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida har magariba. Tsofaffi biyu ko uku da suka rage suka riƙa zuwa suna tuna masa wanda ya mutu da wanda ya yi saura, da inda gonar wane take kafin a yi gidan mai a kanta. Yakan dawo a gajiye, idonsa na haske.

Shekara ɗaya da rabi ya yi a haka. Ya rasu wata safiya bayan ƙaramar salla, ina ba shi koko, Gwaggo na gefensa. Yaya ya roƙi a yi masa sutura a gidan Tarauni, na yarda. Maza suka ɗauke shi suka tafi, mu mata aka bar mu a tsakar gida, kamar yadda ake yi a can da nan.

Bayan sadakar bakwai na ce wa Yaya ya kai ni in ga inda aka sa shi. Ya ce mata ba sa zuwa. Na ce na sani, ba shiga zan yi ba, amma ni na ɗauko mutumin nan a kafaɗata daga Kumasi, kuma uwata za ta tambaye ni inda na ajiye mata miji. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce in bai kai ni ba zan hau acaɓa in yi ta tambaya kabari-kabari, ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙin ji. Ya ɗauki makullin mota.

Katangar maƙabartar ta fi ni tsawo. Na taka wani bulo na kama bakinta na leƙa. Yaya ya shiga ciki ya tsaya a kan wani sabon tudu, layi na huɗu daga kusurwar gabas, ya ɗaga hannu. Na yi wa Baba addu'a daga nan, na ƙirga layukan sau biyu don kada in manta, na sauko.

Kowa ya ɗauka satin nan zan tattara. Ƙannena suka aiko da wasiƙa cewa in dawo haka nan, abin da ya kai ni ya ƙare. Hajiya ma ta fara tambaya ko ta sa a nemi mai shiga ɗakin. Na ce kowa ya dakata. Zuwana dole ce ta sa, tafiyata kuwa ni zan sa mata rana. Na ƙara shekara guda cur. Na je na ɗauko 'yata a hutun makaranta ta yi wata biyu, ta kwana a ɗakin Gwaggo a Hotoro, ta san 'yan'uwanta. Na yi azumi a garin ba tare da jinyar kowa ba, na je bukukuwa, na yi rawa a auren 'yar Yaya har aka yi mini liƙi.

Sai da uwata ta aiko cewa idonta ya fara hazo sannan na ɗaure kaya. Malama ta ɗauki hutun rabin yini ta raka ni tasha. Muna tsaye direba ya ce jakata ta yi girma, sai dai a ɗaure ta a saman mota. Na ce a ciki za ta zauna, ƙarƙashin ƙafata. Muka yi ta yi har fasinjoji suka sa baki. A ciki ta zauna.